Yadda za ku haɗa ƙaramar hukuma da makaranta a gyara filin ƙwallon unguwa

Jama'a, duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san cewa filin ƙwallon yara ba wani waje ba ne illa filin firamare ko na sakandaren unguwa. Nan ake wasan gidaje na makaranta da safe, nan 'yan kulob ke tirenin bayan La'asar, nan ake fainal bayan Sallah. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ai na manya ne, kafin yaro ya taka can sai ya ci ƙurar filin makaranta shekara da shekaru. Amma je ka duba filayen nan yanzu, wani ruwa ya zaizaye shi ya yi kwari a tsakiya, wani ya koma juji, wani ƙarangiya da tsidau sun cinye shi, wani kuma an fara yankar gefensa ana shaguna. In ka je wajen hedimasta ya ce ba shi da ko sisi, kuma gaskiyarsa ce, in ka je sakatariya su ce ai filin makaranta ne, ku je ofishin ilimi.

Mu dai mun gyara namu, kuma abin da na koya shi ne kar ku je kuna cewa a haɗa kuɗi kaza, ƙaramar hukuma ta kawo kashi kaza makaranta ta kawo kashi kaza. Wannan maganar a takarda take mutuwa. Aiki za ku raba, kowa ya ɗauki ɓangaren da dama yana da kayansa a hannu, a rubuta, a sa hannu, kafin tifa ɗaya ta shigo. Bari in bi da ku yadda ake yi.

Abu na farko ku san filin na hannun wa. Firamare tana ƙarƙashin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne, wato wajen sakataren ilimi da muke cewa ES, shi kuma sama da shi akwai SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Babbar sakandare kuwa ta jiha ce kai tsaye, firinsifal ba ya karɓar umarni daga ciyaman, don haka in filin sakandare ne sai takardarku ta bi ta ofishin shiyya zuwa hukumar sakandare ko ma'aikatar ilimi. Mutane da yawa a nan suke yin tuntuɓe, su samu ciyaman ya amince a baki, gireda ta zo bakin get, firinsifal ya ce shi ba wanda ya rubuto masa, kuma ba laifinsa ba ne, aikinsa yake karewa. Sannan ku nemi takardar iyakar filin makarantar in akwai, in babu ku ɗauko mai unguwa da dattawan da suka san lokacin da aka kafa makarantar a zaga a nuna iyaka a gaban kowa, a kafa turaku. Wallahi kar ku raina wannan, ranar da fili ya yi kyau ranar za ku ji wani ya ce ai gefen nan gonar kakansa ce.

In za ku shiga sakatariya kuma ku shiga da hujja, kar ku shiga kamar masu roƙo. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, ya kuma ce ƙaramar hukuma tana da hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi. Kun ga filin firamare ya shiga ta ƙofa biyu kenan. Kuma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, to ko ma yaya abin yake tafiya a jiharku kuna da bakin tambaya. Ba rigima za ku je yi da wannan ba, a'a, don dai wanda ke gabanku ya san kun san abin da kuke faɗa.

Su wa za su je? Kar matasa su tafi su kaɗai da rigunan ƙwallo, za a ce ku dawo gobe har goben ta ƙare. Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ya haɗa hedimasta da wakilin masu sarauta da iyaye da mata da tsofaffin ɗalibai, to wannan kwamitin shi ne rigar da za ku saka, don hukuma ta san da zamansa. Ku ƙara da malamin wasanni, da koci ɗaya ko biyu daga kulob ɗin da ke amfani da filin, da kansilan mazaɓa, da magini ɗaya na unguwa wanda ya san ruwa da ƙasa. In SBMC ɗin ku suna ne kawai, to farfaɗo da shi shi ne aikinku na makon farko. Kuma kafin sakatariya ku fara gaida dagaci, in da hali ya kai ku wajen hakimi, ciyaman zai iya kau da kai daga takardar koci amma da wuya ya kau da kai daga saƙon hakimi.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya sosai, maganar ruwa. Duk filin da ya lalace a ƙasar nan ruwa ne ya fara lalata shi. Kar ku yi lissafin komai sai kun je filin ana tsaka da damina, a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ni na je namu da takalmin roba, na tsaya a gefen gola ta arewa ina kallo, ashe duk ruwan da ke sauka daga kwanon ajujuwa shida ta tsakiyar fili yake bi, ya haɗu da wanda ke shigowa ta ɓular katanga daga layin baya, shi ne ya haƙa wannan kwarin da muke ta zuba wa ƙasa duk shekara tana tafiya. Shekara uku muna cike rami muna zagin ƙasar wajen, alhali ƙasa ba ta da laifi. Ku ɗauki hoto da bidiyo a waya, ku kafa sanda a duk inda ruwa ya kwanta da inda ya shigo da inda ya fita. Wannan hoton shi za ku nuna wa injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, don shi da rani zai zo ya tarar da fili a bushe ya ce ai gireda kawai za a bi da shi.

Ba a son fili ya kwanta shamɓal kamar faranti. Ana so tsakiya ta ɗan ɗaga, ya riƙa gangarowa gefe da gefe kamar santimita ɗaya a kowace mita, ido ba zai gani ba amma ruwa zai gani. In faɗin filinku mita 68 ne, daga tsakiya zuwa layin gefe mita 34 kenan, to gefen zai yi ƙasa da tsakiya da kamar santimita 34. Ba sai kun nemo na'ura ba, siririn tiyon nan mai garai-garai da magina ke cika wa ruwa suna fitar da lebur ya isa, da turaku da igiya. Daga bayan layi kuma a ja lambatu ya kwashe ruwan ya kai shi babbar kwata, kuma dan Allah ku tabbatar ba gidan maƙwabta kuka juya shi ba, don in ruwa ya ci katangar wani bawan Allah to kun sayi gaba da kuɗinku.

Girman fili kuwa ba dole sai irin na talabijin ba. Wanda aka saba a manyan filaye mita 105 ne da 68, amma dokar ƙwallo ta yarda tsawo ya kama daga 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90, kuma yaran firamare ma ba sa buƙatar ko wannan. Ga dalilin da ya sa nake cewa ku rage buri. Fili mai 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne, in za ku ɗora masa ƙasa mai kaurin santimita 5 kacal kuna neman kubik mita 357, in tifar da za ku samu tana ɗaukar kubik 10 kusan sawu 36 kenan, ga man dizal ga direba. Mai 90 da 45 kuwa murabba'in mita 4,050 ne, aikin ya ragu da kusan rabi. Gara ƙaramin fili da aka gama da babba da aka bari rabi ja rabi fari. Abin da ya rage na waje ku fitar da filin ƙwallon raga, mita 18 da 9 ne kawai, ko na ƙwallon hannu mai 40 da 20, saboda 'yan mata ma ɗaliban makarantar ne kuma in ba a ware musu nasu ba ba za su taɓa samun shiga ba, ga kuma wajen langa da tsalle-tsalle na ranar wasan gidaje. In wajen ya ba ku dama ku sa gololin kudu da arewa, don mu da yamma muke wasa, in gola tana kallon yamma rana ce za ta riƙa dukan idon mai tsaron gida.

To da kun gama awo sai rabon aiki. Ƙaramar hukuma abin da za ku nema a wajenta shi ne abu mai nauyi, gireda da rola da tifa, da injiniya da zai duba gangare, da ginin lambatu. In tana da injinan a gareji ko da sun ɗan kwanta, gyaransu da zuba mai ya fi sauƙin fita daga hannun ma'aji a kan a ce a ba ku tsabar kuɗi, in ba ta da su kuma ku sa ido lokacin da ɗan kwangila ke aikin hanya a yankinku, ciyaman yana iya yi masa magana ya ba ku gireda na kwana ɗaya ko biyu. Ku sani ciyaman yana da iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu shi kaɗai, abin da ya haura sai an zauna ko an tura sama, shi ya sa ƙaramar buƙata bayyananniya ta fi saurin fita a kan babban fayil mai dogon lissafi. Kuma kasafin kuɗi daga Janairu yake farawa, ana haɗa shi tun ƙarshen shekara, don haka takardarku ta shiga tun wajen Satumba ko Oktoba, kansila ya bi ta har ya ga an sa layinta a ciki. Ku yi kwafi, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku.

Makaranta ita nata kason ba kuɗi ba ne, kar ku matsa wa hedimasta a kan abin da ba shi da shi. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, don haka ba za a ɗora wa yara kuɗin fili dole ba, balle a kori yaro don bai kawo ba, duk wanda ya kawo wannan shawarar ku taka masa birki. Abin da makaranta za ta bayar shi ne filin kansa, da ɗakin ajiye raga da ƙwallaye da tutocin kwana, da maigadi, da ruwan rijiyar burtsatse in akwai, da malamin wasanni da zai riƙe jadawali. In PTA ta ga dama ta sa wani abu don raɗin kanta, Alhamdulillahi. Ta hannun ES kuma ku tura wa SUBEB buƙatar katanga in makarantar ba ta da ita, don katanga aiki ne babba da ya fi ƙarfin unguwa, zagayen babban fili kaɗai mita 346 ne, kuma irin wannan aikin shi ake yi da kuɗin da UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ke bayarwa jiha ta kawo kwatankwacinsa. Kar ku jira katanga kafin ku fara, in ta zo ta same ku a hanya.

Mu mutanen unguwa kuma namu shi ne gayya da ƙananan kaya. Tsince kwalba da ƙusa da duwatsu, kwashe juji, baza ƙasa da shebur, haƙa lambatu kafin magina su zo. Tsofaffin ɗalibai su ɗauki gola, mai walda na unguwa ya haɗa ta, faɗi mita 7.32 tsayi 2.44, a shafa farin fenti, kuma a binne ƙafafunta da kankare sosai, don yara lilo suke yi a jikin gola kuma ƙarfen nan in ya faɗo wa yaro ba ƙaramin abu ba ne. Wanda zai ba da gudummawa ku ce ya kawo kaya, buhun siminti, bulo, galan ɗin fenti, a rubuta sunansa da abin da ya kawo a karanta a masallaci bayan sallar Juma'a ko a manna a allon makaranta. In dole sai an karɓi kuɗi to ya shiga asusun SBMC mai sa hannun mutum biyu ko uku, kar ya kwana a akawun ɗin mutum ɗaya komai amanarsa, kare shi kuke yi daga bakin mutane.

Lokacin aiki, aikin ƙasa ku yi shi da ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran danshi tana danƙaruwa da kyau in rola ta bi, in kuka kai Maris sai kun sayi ruwan tanka. Marmara da jar ƙasa a ƙasa za su zauna, amma kar a bar tsakuwa a sama, tana yanka gwiwa, a rufe da ƙasa mai laushi haɗe da ɗan yashi. In kuna son ciyawa, kiri-kiri ita ce ke jure tattaki da fari, a dasa ta farkon damina kuma a hana wasa har ta kama, wannan hanin shi ne mafi wuya a duk aikin. In kun san ba ku da ruwan ba ta da rani to ku haƙura, filin ƙasa mai kyau ba abin kunya ba ne. Wajen fitar da kwana ku ɗauki igiya mai mita 12 ku yi mata alama a mita 3 da mita 7 don ta rabu kashi uku, 3 da 4 da 5, in kuka haɗa bakinta kuka ja ta ta yi kusurwa uku, inda 3 da 4 suka haɗu kwanarku ta miƙe. Layi kuma da toka ko farar ƙasa, banda baƙin mai.

Sai babbar magana, takardar yarjejeniya, tun ran gini ran zane. Mu a karon farko ba mu yi ba, kuma mun ji a jikinmu. Wata biyu da gama aiki na zo da safe na tarar da sawun taya ya zagaye filin kamar an yi huɗa, ashe masu koyon mota suka gano waje mai kyau, bayan nan aka kafa rumfunan biki aka haƙa ramuka aka tafi aka bar mana. Na samu hedimasta na ce, Malam yaya haka? Ya ce, ɗana, wanda ya aiko a ba da filin ya fi ƙarfina, da akwai takarda da na nuna masa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa, mu muka bar shi ba abin kariya.

Shafi ɗaya ko biyu ya isa, da Hausa, in ana so a yi na Turanci don fayil. A rubuta cewa filin na makaranta ne har gobe, gyaran da aka yi bai ba wa kulob ko wani mutum mallaka ba. A rubuta lokaci, daga safe zuwa tashi na ɗalibai ne, ba tirenin lokacin darasi ko jarrabawa, in ana Islamiyya da yamma a ajujuwan a zauna da malamanta a daidaita ranaku, Magariba na yi kowa ya fita a rufe get. A rubuta ranakun kowane kulob da na yara ƙanana da na 'yan mata, don in ba haka ba manya ne za su mamaye kullum. A rubuta abin da aka hana, koyon mota, kiwo, zuba shara, zaman dare. Taron biki ko na siyasa ko wa'azi in za a bayar to wa ke ba da izini, nawa za a ajiye na gyara, kuma ba haƙa rami a cikin layi. In ƙwallo ta fasa taga ko ta lotsa kwano kulob ɗin da ke fili ranar shi zai gyara cikin mako. Sai kuma wa zai yashe lambatu kafin damina, wa zai kawo tifa biyu ko uku na ciko duk shekara, wannan ku roƙi ƙaramar hukuma ta ɗauka a rubuce. Masu sa hannu su ne hedimasta, ES, wakilin ciyaman, shugaban SBMC, dagaci ko mai unguwa, da wakilin kulob-kulob, kuma a sa da sunan kujera ba sunan mutum kaɗai ba, saboda ciyaman wa'adi gare shi, hedimasta ana yi masa canji, sabon da ya zo zai ce bai san zance ba.

Ranar buɗewa ku gayyaci ciyaman da hakimi, ku sa kofi, ku rubuta a allo cewa ƙaramar hukuma da makaranta da jama'ar unguwa ne suka yi. Wasu matasa suna jin haushin wannan, su ce mu muka sha rana wani ya zo ya yanke ƙyalle, ni kuma ina ganin wanda ya ba da gireda ya cancanci a faɗa, kuma baɗi za ku sake komawa ƙofarsa. Ku gayyato masu horar da yara da ke kai 'yan wasa gasa irin Kofin Ramat da ake yi a Kano, su ga akwai fili a wajenku, ta haka yaranku ke shiga ido. Amma wasan farko a ranar ku ba wa 'yan firamaren, aji biyar da aji shida, kafin manya su shiga.

Bayan nan ku sayi littafi mai kauri a ajiye a ofishin hedimasta tare da kwafin yarjejeniyar da hotunan filin kafin gyara da bayansa, duk abin da ya shigo ko ya lalace a rubuta da kwanan wata. Ruwan farko mai ƙarfi na damina mai zuwa kuma ku sake saka takalmin roba ku koma filin, ku da maginin nan, ku ga inda ruwa ya kwanta, sabuwar ƙasa dole ta zauna a wasu wuraren, ku kafa sanda a wajen ku cike shi da baro tun yana ɗan ƙarami.